Layin sarƙar kabon yana ɓace min idan an canza leza

Assalamu alaikum malamai. Ɗalibin kimiyyar fizik ne ni a Maradi, kuma sati uku ke nan na maƙale wuri guda.

Ina nazarin sarƙoƙin kabon miƙaƙƙu da ke cikin ƙanƙanin bututun kabon (nanotube) mai bango biyu, waɗanda aka gasa a zafin digiri 1460 a wurin da aka zuƙe iska, irin hanyar da masu bincike na Jami'ar Biyana (Vienna) ta ƙasar Austiriya suka bi a 2016. Na'urar Raman, wadda ke haska samfur da leza ta nuna girgizar ƙwayoyinsa a matsayin layuka, ba ta hannuna, wani abokin aiki ne a waje yake aunawa ya turo min sakamako.

Da leza mai tsawon zangon haske nanomita 633, layin G (wato na bututun kansa) yana nan daram kusa da 1590 cm⁻¹ (ma'aunin wurin layi), na sarƙar kuma ya fito sarai wajen 1830. Da aka koma leza mai 532 sai layin sarƙar ya kusan ɓacewa, saura ɗan tudu kusa da 1860. Abin da ya fi ci min rai, da aka dawo 633 a daidai wurin, tsayin layin sarƙar ya ragu sosai.

An daidaita na'urar da layin silikon da ke 520 cm⁻¹, an rage ƙarfin lezar, an tsawaita lokacin awo. Ni ma na sake cire hayaniyar da ke ƙarƙashin layukan har sau huɗu. Shiru.

Na san kowace leza tana da sarƙoƙin da take tayarwa gwargwadon gibin makamashinsu (wato yawan makamashin hasken da suke iya sha), amma hakan bai bayyana raguwar nan ba. Don Allah, wane awo ne zai raba min gardama: lezar 532 ce ta ƙona sarƙoƙin, ko kuwa saiti ne ya goce daga wurin? Na gode.