Lambar tunawa ta Dolley Madison: zinariya ce ko tagulla?

Mai_Tara: Salamu alaikum. Ana tallata wata lamba mai hoton Dolley Madison, matar shugaban Amurka na huɗu, wai zinariya ce. Ta yaya ake tantancewa? Kuma akwai ɗan kore-kore a gefenta.

Baban Sulalla: Wa alaikumus salam. Iri biyu ne, zane ɗaya, kuma duka ma'aikatar buga kuɗin Amurka ce ta fitar da su a 2007, shekarar da aka fara jerin matan shugabanni. Ta zinariyar kuɗi ce: an rubuta $10 da .9999 (alamar tsantsar zinariya) a bayanta, da harafin W a gaba, gefenta na da zara-zara. Faɗinta milimita 26.5, nauyinta rabin oza, wato giram 15.55. Ta tagullar ta fi ta faɗi, kusan milimita 33, kuma babu darajar kuɗi a jikinta. Muddin ba ka ga $10 ba, tagulla ce, ko da tana walƙiya. Wasu na shafa mata ruwan zinariya su tsuga kuɗi. Kada ka wahalar da kanka da maganaɗisu, ba ya kama ko ɗaya. Ɗora ta a sikelin maƙeran zinariya kawai.

A bayanta za ka ga Dolley da hoton George Washington da ta sa aka kuɓutar a 1814, kafin sojojin Birtaniya su cinna wa fadar shugaban wuta.

Hajiya Tarihi: Malam, wannan koren yawanci daga ledar PVC mai laushi yake, ita ke tsatso wani maiƙo da ke cin tagulla. A jiƙa lambar a tsantsar asiton (acetone, sinadarin narkar da maiƙo) cikin kofin gilashi na 'yan mintuna, nesa da wuta, a sake ɗauraye ta da sabo, a bar ta ta bushe da kanta. Ban da na goge farce, yana da turare da mai. Ban da lemun tsami, toka ko man goge ƙarfe: za ta yi ƙyalli, amma darajarta ta tafi. Idan koren ya riga ya huda ƙarfen, tabon ba ya fita. A gefe ake riƙe ta, don gumin yatsa na barin shaida.

Baban Sulalla: Af, wanda ke da saitin lambobin tagulla huɗu na 2007 ya duba bayan lambar Abigail Adams, matar shugaba na biyu. An samu kaɗan da aka buga da bayan ta Louisa Adams, matar shugaba na shida, bisa kuskure, kuma masu tarawa na biyan kuɗi sosai a kansu. Ta daidai tana nuna Abigail tana rubuta wasiƙa.