Wai wace irin ciyawa ce ta rufe ruwan Ikorodu haka?

Dan_Ipakodo:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min da bayani. Ni a Ikorodu ta jihar Legas nake zaune amma shagona yana Idumota, kullum jirgin ruwa nake bi saboda gosulon hanya ya fi ƙarfina. To tunda Oktoba ta kama ruwan nan ya koma kamar gonar alayyafo, kore shar har iya ganinka. Shekaranjiya sau uku injinmu yana mutuwa a tsakiyar ruwa, direba ya ɗaga farfela ya sa hannu yana cisge ciyawa da leda, mu kuma ana ta salati, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba sai da muka yi kusan biyu. Wai kainuwa ce ko me? Kuma me ya hana a yi mata feshi kawai a huta?

Malam_Agege:
Wa alaikassalam. Mutanenmu kainuwa suke ce mata amma ba irin tamu ta kududdufi ba ce mai kama da latas, wannan ganyenta sulɓi gare shi, gindinta a kumbure kamar balan-balan shi ke sa ta yawo a kan ruwa, ga fure mai ruwan shuɗi-shuɗi. Asalinta daga yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, kyan furen ne ma ya sa aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. A nan 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagry, ta gangaro daga Jamhuriyar Benin. Yarabawa gbeborun suke ce mata, wato magulmaciya, don ba inda ba ta leƙawa. Idan ta samu ruwa mai datti cikin sati biyu sai ta ninka kanta, irinta kuma yana iya kwanciya a laka shekara 20 bai mutu ba. Maganar feshi kuwa ka bar ta, ruwan da ake kamun kifi a ciki ne fa, kuma ko ta mutu nutsewa za ta yi ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. An gudu ba a tsira ba kenan.

Sarkin_Kara:
Dan Ipakodo ai kai ka ga kaɗan. Mu da muke Kara a bakin gadar Berger, a 2016 ciyawar nan ta taru ta toshe kogin Ogun har mutane suna tafiya a kai da ƙafa suna ɗaukar hoto, aka yi ta yaɗawa wai kogi ya ƙafe dare ɗaya. Ba ƙafewa ya yi ba wlh, ruwa na nan yana gudu a ƙasa, Allah ne kawai ya tsare. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya kashin shanu da jinin kwata da muke turawa ruwa ai taki muke ba ta, ga bola ga ruwan masai na unguwanni, ya za a yi ba za ta yi ƙiba ba.

Bakura_Nguru:
Ni abin ya tuna min gida ne. Mu ciyawar kachalla ce ta hana mu sakat a fadamar Hadeja da Nguru. Tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa ruwa ya daina zuwa ya janye a lokacinsa, sai ya kwanta shekara guda, ita kuma abin da take so kenan. Ta toshe hanyar ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, jan baki ya samu wurin kwana yana fitowa yana share amfanin gona. Da hannu muke shiga gayya, kuma sai ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa ruwan ya rufe kututturen, in ba haka ba aikin banza ka yi. Ku naku ma da sauƙi tunda tafiya take yi.

Malam_Agege:
Haka ne Bakura, kuma su nasu gishiri na taimakonsu. Ba ta jure ruwan gishiri, shi ya sa in damina ta wuce ruwan koguna ya ragu na teku ya turo ciki, wajen Janairu za ka ga ta yi ja tana mutuwa da kanta. LASWA da NIWA, wato hukumomin kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas da na tarayya, suna sa injin kwasa, amma in aka daddatsa ba a fitar da ita tudu ba kowane guntu sabon tsiro ne. A Benin da tafkin Victoria wani ɗan ƙwaro aka saki mai cin ganyenta, ya rage ta sosai, sai dai shi aikinsa shekaru yake ɗauka.

Maman_Husna:
Ku maza duk ta kashewa kuke. Akwai matan da ke busar da karanta a rana suna saƙa kwanduna da tabarma har da jaka, na gani da idona a wajen baje koli kuma da tsada. Ana takin gona da ita ma. Amma Sarkin Kara kar ka ce za ka ba shanu ta cikin ruwan Legas, tana zuƙe duk gubar da ke ciki.

Dan_Ipakodo:
Na gode ƙwarai. Wato dai sai Janairu kenan. Gobe bas ɗin BRT zan bi, duk wanda ya ga hanyar ruwan ta buɗe ya taɓa ni a nan.