Hoton haƙori: abin da masu aikin suka tattauna

Wani zama da likitocin haƙori suka yi da masu ɗaukar hoto ya tsaya ne kan magana ɗaya: ba a ɗaukar hoton eksire sai da dalili. Likita ya fara duba baki tukuna, ya tambaya ko akwai tsohon hoto. Ruɓa a tsakanin haƙora da ƙurji a saiwa, su ne ido ba ya gani, sai da hoto.

Sun kwantar wa majinyata hankali. Radiyeshin, wato hasken da ke ratsa jiki, na ƙaramin hoto guda bai wuce wanda mutum ke sha daga ƙasa da iska a yini ɗaya ba. A 1896, Bajamushen likitan haƙori Otto Walkhoff sai da ya yi minti 25 kafin hoton haƙoransa ya ɗauku. Yau abin ƙiftawar ido ne. Mai ciki ma ana ɗaukar ta hoton in buƙata ta kama, ta dai sanar da likita.

An fi jan kunnen ma'aikata, kuma da gaskiyarsu, don su ke wuni da na'urar. Kada ka riƙe fim a bakin majinyaci da yatsanka, akwai mariƙinsa. Ka shige bayan bango, ko ka ja baya mita 2, ka kauce wa saitin hasken. A daidaita kan na'ura tun farko, don maimaita hoto ninka radiyeshin ne.

Rigar dalma da ake sa wa majinyaci don kare shi daga radiyeshin ce ta raba kawuna. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce a 2024 ba ta zama dole ba, amma wasu a zaman sun ce a bi ƙa'idar hukumar ƙasa, kamar NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya da radiyeshin a Najeriya.