Hoto a bakin dutsen Beachy Head

A wata tattaunawa da aka yi kan masu ɗaukar hoto a Beachy Head, dutsen kudancin Ingila mai tsayin mita 162, kowa ya nanata abu ɗaya: kada ciyawar bakin dutsen ta yaudare ka. Alli ne, teku na cin gindinsa, ya zube ba sallama. A 2017 wata ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu ta faɗo daga Seven Sisters, wasu duwatsun alli da ke nan kusa, tana tsalle don a ɗauke ta hoto.

Wasu sun ce a kwanta rub-da-ciki a leƙa. Ni wannan bai kwanta mini ba, ƙasar ce ke tsinkewa. A tsaya nesa, a riƙe yara, kuma kada a ja da baya ido na kan waya.