Ƙafar teburin mahaifina ta karye a mahaɗa: a buga masa ƙarfe ko a kwance shi gaba ɗaya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da teburin rubutu na marigayi mahaifina, katakon maɗaci ne, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Kowace ƙafa an fafe mata rami biyu, sandunan da ke ƙarƙashin saman teburin suna da harshe da ke shiga ramin. Yara sun ja shi a kan siminti, ƙafa ɗaya ta fita, harshe ɗaya ya karye ya maƙale a cikin rami, ɗayan kuma yana lilo. Kafintan layinmu ya ce ₦6,000 zai ɗaure kusurwar da ƙarfe. Wani dattijo ya ce ₦25,000, sai ya kwance teburin duka ya sassaƙa sabon harshe. Ba na son a sa masa ƙusa. Wanda ya taɓa irin wannan gyaran ya ba ni shawara don Allah.

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya ƙusa inci huɗu guda biyu, an gama magana. Haka na yi wa bencin ƙofar gidana.

Ummu Khairat: Allah ya jiƙan Baba. Ni dai da ₦25,000 gara ki cika ki sayi na roba, ki huta.

Maman Ilham: Amin, na gode. Amma ai na ce ba na son ƙusa, kuma ba tebur na rasa ba, wannan ɗin nake so.

Tsohon Kafinta: 'Yata, kada ki bari a buga ƙusa a nan. Maɗacin da ya daɗe ya bushe ƙamas, ƙusa na shiga kan ƙafar za ta tsaga shi, kuma wurin dama ramuka biyu sun cinye cikinsa, naman da ya rage kaɗan ne. Dattijon nan ya san aiki. A haƙo guntun da ya maƙale, a kankare tsohon gam tas har sai ainihin katakon ya fito, domin sabon gam ba ya kama tsohon gam. Sannan a fafe rami a bakin sandar da ta karye, a sassaƙa sabon harshe daga busasshen katako mai ƙarfi, rabi ya shiga sanda rabi ya shiga ƙafa. Wanda ke lilo kuma a manna masa siririn ɓawon katako a gefe har ya riƙa shiga da ɗan bugu. Farin gam ba ya cike giɓi, in wurin da sako-sako ya bushe a banza. In babu abin matsewa, a zagaya ƙafafun da igiya, a sa sanda a murɗa, a sa kwali a kusurwoyi kada igiyar ta ci katakon. Kafin gam ya kama a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a auna ɗaya gicciyen, su zo daidai. Ya kwana ya wuni kafin a taɓa shi.

Baban Khalifa: Hajiya, duk abin da za ki yi, kada teburin nan ya bar gidanki. Ni ya faru da ni. Kujerar kakana ce, mai hannu, ita ma maɗaci. Na kai wa wani kafinta a unguwarmu, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce jibi. Daga jibi sai bayan sallah, daga nan sai an yi masa rasuwa a ƙauye. Duk zuwan da na yi kujerar na jingine a waje, rana ta dake ta, ruwan farko ya same ta a nan. Da na kai ƙara wurin mai unguwa sai ga ta an kawo tana sheƙi. Ashe ƙafar baya ya cire ya sa malaina ɗanye, ya shafe da jan fenti. Hunturu na shigowa katakon ya tsuke, mahaɗar ta buɗe har kana hango haske ta ciki. Mahaifiyata ce ta fara ganewa, ta shafa ƙafar da hannu ta ce wannan ba ta babanta ba ce. Har yau in na tuna fuskarta a ranar raina ɓaci yake. Ƙafar asalin kuma ya ce yaransa sun hura wuta da ita.

Ummu Khairat: Innalillahi. Wannan ai cin amana ne.

Abu Sadiq: Kafinta da tela uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kalandarsu jibi kaɗai ke cikinta 😂

Tsohon Kafinta: Malam Abu, a riƙa ware wasu. Baban Khalifa, Allah ya saka maka. Amma ku ma masu kawo aiki, mutum ya ce a yi masa aikin wuni biyu a kuɗin aikin awa ɗaya, to da wane katako za a yi?

Baban Khalifa: Baba, ban rage masa ko kobo ba. Abin da ya faɗa na biya.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu a Nijar jaka biyu ta kuɗin sefa aka gyara mini irin wannan, har da ɗan katako mai kusurwa uku da aka ɗaure daga ciki da sukuru. Dubu ashirin da biyar ta yi yawa ko da naira ce.

Hajjo Zariya: Ni kuwa ₦40,000 aka ce mini a kan teburin cin abinci, ƙafa biyu. To wa za a yarda da shi?

Injiniya M.: Ku bar wahalar sassaƙa. Araldite, gam ɗin nan mai ƙarfi da ake haɗa iri biyu, ake kwaɓawa a cika ramin, shi yana cike giɓi, ya fi katakon ƙarfi. Akwai bidiyonsa birjik a YouTube.

Tsohon Kafinta: Yana cikewa, gaskiya ne. Amma ranar da wata ƙafar ta lalace aka zo kwance teburin, wurin da aka sa shi sai dai zarto. Farin gam kuwa ruwan ɗumi yana sassauta shi. Kuma harshen da ya karye gida biyu, ba gam ɗin da zai mayar da shi ya ɗauki nauyin tebur.

Injiniya M.: Baba, da girmamawa, zamani ya wuce nan. Ni a makaranta na karanci ƙarfin kayan aiki.

Hajjo Zariya: Injiniya, ka taɓa yi da hannunka ko kallo ka yi? Mu dai wanda hannunsa ya yi kanta muke saurare.

Injiniya M.: To kafintan da ya cuci Baban Khalifa shi ma ai hannunsa da kanta.

Maman Ilham: Don Allah a yi haƙuri. Baba Kafinta, dattijon zai iya yi a tsakar gidana? Kuma dole ne sai an kwance sauran ƙafafu ukun da ba su motsi?

Ummu Khairat: Ku kuna ta tebur mai shekaru, mu kayan ɗakin ƙanwata ne ke ci mana tuwo a ƙwarya. Gado da sif da madubi, kuɗi masu nauyi Babanmu ya biya, aka ce masa katako ne. Ashe wannan allon garin katakon ne da ake matsewa, MDF. Ruwan goge ɗaki kawai ya taɓa gindin sif ɗin ya kumbura yana marmashewa, sukurun ƙofar duk sun zazzago. Ko shekara ba a rufa ba.

Hajjo Zariya: Wallahi ke dai bari. Ta waje sheƙi, ka leƙa baya ka ga abin takaici. Kuma in aka tashi ƙaura aka kwance shi, ba ya sake ɗauruwa daidai.

Baban Khalifa: Ni kayan ɗakin 'yata ta biyu da kaina zan je 'Yan Katako a Na'ibawa, Kano, in zaɓi katakon, in ajiye shi a inuwa ya sha hunturu guda kafin kowa ya sa masa zarto.

Abu Sadiq: Kafin ya bushe ango ya gaji ya auri wata 😂

Ummu Khairat: Matsalar ma dangin miji ne. Ka kai na katakon gaske mara ƙyalli, 'yan ganin ɗaki su ce an yi wa yarinya kayan tsofaffi. Wace uwa ce za ta jure wannan maganar?