Rufe teku wata uku a Fulorida: ceton kifi ne ko kashe masu jiragen shata?

Baban Khadija (Jaksonbil): Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Hukumar NOAA, mai kula da harkar teku da kamun kifi a Amurka, ta fito da shawara a wannan wata na Janairun 2025, wai daga Disamba zuwa Fabrairu a hana masu kamun nishaɗi taɓa kifin ƙasan teku har iri 55, tun daga iyakar Jojiya zuwa wajejen Kef Kanaberal. Duk don a kare jan sinafa, wani jan kifi na ƙasan teku. A 2024 kwana ɗaya tak suka ba mu na kama shi, 12 ga Yuli, kifi ɗaya kowane mutum. Ni na ce zalunci ne. Kifin ya cika teku, masu jiragen shata kawai za a kashe.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Yaya, "ya cika teku" ɗin nan, ƙirgawa ka yi ko ji ka yi?

Baban Khadija: Da idona, ƙanwata. Watan jiya muka ɗauki shatar jirgi mu shida daga Mayport. Wani kifin muka je nema, amma ko ƙugiya ba ta kai ƙasa sai sinafa ya cafke. Mu zaro, mu cire, mu mayar. Hannuna har ya yi kanta. Mai jirgin, dattijo ne da ya gaji sana'ar, ya ce mini lokacin sanyi da kifin ƙasa yake ciyar da iyalinsa. Ya ce kuɗin inshora da na wurin ɗaure jirgi da bashin banki ba sa jiran bazara. Yaran jirginsa biyu, in aka rufe wata uku, gini za su tafi, kuma ba dawowa za su yi ba.

Ɗan Yauri: Alhaji, ka yi haƙuri, amma labarin da ka bayar shi ne hujjar hukumar. Waɗanda kuka mayar, nawa suka rayu? Ni ɗan masunta ne, na kuma fita wannan tekun sau da dama. Kifin da aka finciko daga zurfin ƙafa ɗari, iskar cikinsa kumbura take yi. Za ka ga tumbinsa ya leƙo ta baki, idanu sun firfito. Ka jefa shi, ya kasa nutsewa, yana ta juyi a saman ruwa ciki sama har kifin shak ya zo ya ɗauke. Ranar da na fara ganin layinsu ja-ja-wur a bayan jirgi, wallahi abinci bai shiga bakina ba. Wanda ke mutuwa ta haka a tsawon shekara ya fi wanda ake kai wa gida yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa kwanakin suka koma ɗaya.

Baban Khadija: Ai muna da ƙarfen nan mai nauyi da ke mayar da kifi ƙasa. Tun 2020 doka ta ce kowane jirgi ya riƙe shi.

Ɗan Yauri: Riƙewa daban, aiki da shi daban. Tsakaninka da Allah, Alhaji, ranar nan kowane kifi kuka sa masa?

Baban Khadija: Na farko-farkon dai. Da abin ya yi yawa, a'a.

Malam na Hustan: Ni inda na tsaya daban ne. Yawa ba shi ne lafiya ba. Jan sinafa yana kai shekara 50 a raye, kuma manyan mata tsofaffi su ne masu zuba ƙwai na kirki. Masu bincike ba su musa cewa kifin ya ƙaru tun bayan da aka haramta kama shi a 2010 ba. Cewa suka yi yawancinsu ƙanana ne. Garken da duk maruƙa ne, ba ka ce ka yi arzikin shanu ba tukuna.

Sai dai Alhaji yana da gaskiya ta wani gefen. Mu nan Tekun Meziko mun sha wannan. A 2017 kwana 3 aka fara yanka wa masu ƙananan jiragen kansu a ruwan tarayya, mutane suka yi ca, aka ƙara. Daga baya aka miƙa wa jihohi biyar da ke bakin Tekun Meziko su riƙa tsara nasu kwanakin da ƙirgensu. A 2024 Fulorida ta ba da kwana 103 a gefenta na yamma. Jiha ɗaya, kifi iri ɗaya: yamma 103, gabas 1. Dole mutum ya ji zafi.

Maman Ummi: To Malam, me ya hana gabas ta yi haka?

Malam na Hustan: Kifin can da na nan ba garke ɗaya ba ne, na Tekun Meziko ya fi yawa ƙwarai. Sannan ƙirge. Mai kamun sayarwa nauyin duk kifin da ya kama a rubuce yake, a gabas an ma ƙayyade masa nauyin fam 75 a kowace fita. Masu shata su ma suna kai rahoto. Amma dubban masu jiragen kansu, sai dai a tare wasu a bakin ruwa a tambaye su, a aika wa wasu takarda, a yi kirdado. Kifin da aka mayar kuwa ba wanda ya gani, abin da mutum ya tuna kawai ake rubutawa.

Hajiyar Sabana: To a nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Mai shata yana da lasisi, yana kai rahoto, an san jirginsa. Wanda ba a san abin da yake kamawa ba shi ne mai jirgin kansa. Don me za a haɗa su a yi musu kuɗin goro? Maƙwabciyata shagon ƙanƙara da abincin ƙugiya take da shi. Ba ta taɓa jefa fatsa ba, amma ita ma wata ukun nan a kanta za su ƙare.

Ɗan Yauri: Hajiya, wannan na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Amma hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne. Matan Fada a Argungu ba a su a cikinsa sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga.

Baban Khadija: Kai ɗan'uwa, a Argungu wuri ɗaya aka keɓe, sauran kogin na nan, masunta na cin abinci. Nan fa duk gaɓar arewa maso gabashin Fulorida za a rufe. Su keɓe wuraren da kifin ke taruwa, su tilasta wa kowa rajista da rahoto ta waya, su ci tarar wanda bai yi aiki da ƙarfen ba, har da ni. Zan sa hannu.

Maman Ummi: Yaya, ɗazu cewa ka yi babu matsala sam, kifi ya cika teku.

Baban Khadija: Har yanzu ina kan cewa ya cika. Na mutuwar ne ban da bakin musu, don na ga guda biyu sun taso bayan mun mayar. Amma rufewar ban yarda da ita ba. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kuma da ni za a yi. Ɗan Yauri, in ka samu hutun aiki ka zo mu tafi tare, ka faɗi naka in faɗi nawa. Dattijon nan ma ya ce zai zo da takardun bashinsa.

Ɗan Yauri: In sha Allahu. Turo mini ranar da wurin.