Na daɗe ina kallon fim, amma na kasa yin sharhi a kansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ina ƙarami nake kallon finafinan Indiya, na san jarumai na san waƙoƙi. Amma ranan wani abokina ya tambaye ni me ya sa nake son Sholay, sai na tsinci kaina ina cewa "ai ya haɗu ne kawai". Ya ce me ya haɗu? Na yi shiru. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah masu ilimin abin, ta ina mutum zai fara har ya iya sharhi mai ma'ana? Kuma finafinan wasu ƙasashe da ake ta yabo, in na kunna barci suke sa ni.

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda Sholay ka ambata, mu fara da shi. Fim ɗin Ramesh Sippy ne na 1975. Ka tuna Thakur kullum yana yafe da mayafi? Lokacin da 'yan fashi suka kawo hari, ga bindiga a gabansa bai ɗauka ba, har jaruman fim ɗin, Jai da Veeru, suka ɗauke shi matsoraci. Kai ma mai kallo ka zarge shi. Sai daga baya mayafin ya faɗi, ka ga ashe Gabbar, shugaban 'yan fashin, ya riga ya sare masa hannaye biyu. Darakta ya ɓoye maka abu, ya bar ka ka yanke hukunci, sannan ya kunyata ka. Wannan shi za ka gaya wa abokinka.

Ga kuma Radha, bazawarar nan mai fararen kaya, tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya da dare, Jai na zaune can ƙasa yana busa. Ba wanda ya ce uffan, amma ka gane komai. To ka zaɓi fitowa ɗaya irin wannan, ka kalle ta sau uku. Na farko yadda ka saba, na biyu ka kashe sauti ka bi kyamara da haske, na uku ka rufe ido ka saurara.

Amsa ta 2

Ni shawarata ka riƙa tsallake waƙoƙi, ɓata lokaci ne. Labari shi ne fim.

Amsa ta 3

A'a malam, ban yarda ba. A finafinan Hindi sau da yawa waƙa ce ke faɗin abin da jaruma ba za ta iya furtawa ba. A Mughal-e-Azam na 1960, da waƙa Anarkali ta tsaya gaban sarki Akbar ta bayyana soyayyarta ga ɗansa, Lata Mangeshkar ce ta rera. Cire wannan ka ga me ya rage. Abin tambaya shi ne, bayan waƙar ta ƙare wani abu ya canza a labarin? In bai canza ba, to cusa ta aka yi, a nan kana da gaskiya.

Kuma ɗan'uwa mai tambaya, Indiya ba Mumbai kaɗai ba ce. Akwai finafinan harsunan Tamil, Telugu, Malayalam da Bengali. Nemi Pather Panchali na Satyajit Ray, 1955. Babu rawa babu bos, amma wurin da yara biyu suka ruga cikin ciyayi don su ga jirgin ƙasa ba ya fita a ran mutum.

Amsa ta 4

Maganar barci ba laifinka ba ne, ɗana. Ido ma sabo yake yi. Ka saba da fim mai faɗa da waƙa duk bayan 'yan mintuna, dole mai tafiyar hawainiya ya gundure ka. Kada ka fara da masu nauyi. Fara da Children of Heaven na Majid Majidi daga Iran, 1997: yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka koma karɓa-karɓa da nasa don zuwa makaranta. Sai Bicycle Thieves na Italiya, 1948, labarin mutumin da aka sace wa keke, wanda jaruminsa ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan fim ba. Takalmi da keke kawai, amma sai ka ji zuciyarka na bugawa. In ka shanye waɗannan, finafinan daraktoci irin su Kurosawa na Japan da Sembène na Senegal ba za su yi maka wuya ba.

Ka ajiye ɗan littafi. Kafin ka karanta ra'ayin kowa, rubuta layi uku: ina ne ya taɓa ka, ina ne ka duba agogo, kuma me ya jawo.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Yaya, daren jiya na koma wurin fitilun nan na kashe sauti. Sai yanzu na lura ko kusa da juna ba su zo ba, tana sama yana ƙasa. Baba, na samo na takalmin, yau zan kalla in sha Allah. Amma da rubutun fassara a ƙasa ya zo, ido na kan karatu yaya zan yi in bi kyamara?